Kaset ɗin 'Yan Layin Dogo

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna mai gyaran tarago,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ka koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Daga Guwanzu ta ƙasar Sin nake rubuto maka, na zo sarin dogayen riguna a kasuwar Baima kamar yadda na saba. Na san masu bibiyar shafina za su leƙa. Su leƙa, amma da kai nake.

Baba, maganar kaset ɗinka ce.

Ko a unguwarmu kaɗan ne suka san ka taɓa kaɗa jita. Ku huɗu ne, duk ma'aikatan reluwe a Zariya, kuka sa wa kanku suna 'Yan Layin Dogo. Kiɗan rok kuke yi, da jitar lantarki da ganguna masu ƙara, amma waƙar da Hausa. Abin da ya kayar da ku ke nan. Mutanen gari suka ce kiɗan Turawa ne, masu gidajen rawa na Sabon Gari suka ce wa zai taka wannan da Hausa. Ba ku shiga rediyo ba, ba ku buga faifai ba. Kaset ɗaya tak kuka ɗauka, kuka watse tun ba a haife ni ba.

Sai aka ce ni na ɓata shi. Ina shekara bakwai za a yi musabaƙa a Islamiyyarmu, wai na saci kaset ɗin daga akwatinka na ɗauki karatuna a kai. Ni ban tuna komai ba, amma duk Sallah sai Yaya Sani ya ba da labarin nan, har da kwaikwayon muryata. Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ci gaba da shan shayinka. Shirun nan naka ya fi dariyarsu yi mini ciwo.

Da na girma na taɓa neman gafararka, ka ce, "Bar shi, Ummi, roba ce kawai." Na ɗauka kara ka yi mini don ina da sunan mahaifiyarka.

Ranar da ake raba kayanka, Yaya Sani ya miƙo mini shi, wai wadda ta ɓata ita za ta riƙe. Na karɓa. Zaren ya tsinke, ya yi fumfuna, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar saurara ba ko lokacin da yake aiki.

Shekaranjiya da hantsi na kai shi kasuwar kayan lantarki ta Tiyanhe. Shago biyar na shiga, kowa ya juya shi ya ce "meyo", wato babu. Wata yarinya ma ta ɗauke shi hoto tana dariya. A can saman bene, bayan masu gyaran waya, na samu wani tsoho cikin tarin tsofaffin rediyoyi. Ya karɓa da hannu biyu. Ya kwance, ya goge zaren da auduga a hankali, ya liƙe inda ya tsinke. Gefe ɗaya dai danshi ya cinye shi.

Na rubuta a waya ta fassara masa: ko abin da aka shafe zai dawo? Ya girgiza kai. Dama na san amsar tun daga gida.

Ya kunna. Aka ji ƙarar dannawa, sai ga muryarka, Baba, tar kamar kana bayana: "To, na danna. Matso kusa, Ummi, fara da bisimilla."

Na riƙe bakin teburin. Ga ni ina karatu da 'yar siririyar murya, ga ka kana gyara mini maddi har sau biyu, na uku ka yi dariya. Tsohon ya nuna mini ramin nan na saman kaset da ake toshewa kafin a ɗauki sabon abu a kai. Guntun tikitin jirgi ne a ciki, an naɗe shi tsaf. Wannan ba aikin 'yar shekara bakwai ba ne, naɗin hannunka ne.

Ina kai ƙarshen surar sai kiɗanku ya faɗo daga tsakiyar waƙa. Waƙa ɗaya da rabi ce ta tsira. Baba, ashe haka kuke? Gangar tana tafiya kamar jirgi ya baro tasha, jitarka na bin ta tana kuka, kana rera wa matafiyin da ba wanda ya zo tarbarsa. Ban san waɗanda suka ƙi ku me suke nema ba. Ni dai na ji haushinsu, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Tsohon ya maimaita sau uku yana buga ƙafa. Ya jawo wani hoto daga aljihun tebur: samari huɗu da dogon gashi, shi ne mai jita. Su ma ba wanda ya san su yanzu. Ya rubuta mini cewa mai jitar kaset ɗin nan ya san hannunsa. Shekara nawa kana jiran wani ya faɗi haka, sai a Sin aka faɗa, ba ka nan.

Na ɗauki sautin a waya na tura wa Yaya Sani. Bayan awa guda ya rubuto wai shi dama bai ce da idonsa ya gani ba. Ka ji ɗanka.

Ina da ƙorafi, Baba. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Wataƙila ka ɗauka na tuna. Na yi shekaru ina ganin na kashe maka abin da ka fi so, ashe kai ka auna muryarka da tawa, ka zaɓi tawa.

Waƙa da rabin nan zan saka ta a shafina da sunayenku huɗu, wanda zai ji ya ji. Inda kake gyara mini karatu kuwa ba zan ba kowa ba.

Yau bayan Azahar na karanta maka surar nan, kuma na ja maddin yadda ka ce. Allah Ya kai maka ladan, Ya gafarta maka kai da abokanka uku, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

'Yarka,
Ummi