Rumman ɗin Inna da ka bayar

Daga ƙanwarka Zulaihatu a Sakkwato, zuwa ga Yaya Ɗahiru a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya sa albarka a fataucin goro. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarmu Hasana ta sauka, an samu ɗiya mace, anka sa mata sunan Inna, Kulu. Ciwon ƙafar Baffa Audi ya yi sauƙi har yana fita masallaci.

Yaya, ka yi mini haƙuri, yau da ɓacin rai nake rubuto maka. Ka san rumman ɗin da Inna ta dasa a tukunya a bakin ɗakinta, reshen da ta yanko daga itacen gidan mahaifinta a Wurno kafin itacen ya mutu. Tun rasuwarta ni ke ba shi ruwa. Da na tafi sunan Hasana, Ƙasimu ɗan Baffa Audi, wanda ke aikin kuku a gidan wani Bature a bariki, ya shigo gida ya ɗauke shi. Ya ce wa maigidana Ladan wai kai ka aiko ta bakin fatake cewa ya kai wa Baturensa, don ya ƙara samun shiga. Ladan ya ji sunanka, bai hana ba. Na dawo na tarar da gurbin tukunya kawai. Yaya, kai da rabonka da gidan nan tun Inna na da rai, yaya za ka yi kyauta da abin da ba ka taɓa zuba wa ruwa ba? Ko tambayata ba ka yi ba.

Na matsa wa Ladan har ya je gidan Baturen ya karɓo shi, kuma ba su sake shi ba sai da sunka ga ya kusa mutuwa. Ga halin da na same shi ciki. Sun fasa tukunyar Inna, sun cusa shi cikin garwar kananzir da ba ta da huji ko ɗaya. Ganyen duk ya zube, ƙasar ta zama taɓo, tana warin sabulu, don ruwan wanke-wanke Ƙasimu ke sheƙa masa. Na kankare bawon da farce, na ga ɗan kore a can ƙasa, shi ya hana ni jefar da shi. Na zazzage ƙasar, na wanke saiwar, na yanke duk wadda ta yi baƙi ta ruɓe, kuma ita ce mafi yawa. Na barbaɗa toka a wurin yankan, na sare rassan da sunka bushe har ya koma kamar tsinke. Na samo sabuwar tukunya na huda gindinta, na haɗa rairayin gulbi da tsohon takin awaki, na ajiye shi ƙarƙashin rumfa inda rana ba ta dukansa sai da safe. Ruwa kuwa da ludayi nake auna masa. Sai ga wasu fararen ƙwari sun lulluɓe shi, na jiƙa ganyen taba ina goge su ɗaya bayan ɗaya. Matan gida suna ta ce mini in bar wahala, mushe nake jinya. Ban kula su ba.

Da damina ta kusa, wata safiya na ga wani ɗan jan tsiro ya ɓullo a gindin reshe. Yanzu ganye ya fito a rassa uku, har na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ban yi murna yadda ya kamata ba, don duk lokacin da na dube shi sai in tuna girmansa na da.

To, ga abin da ya ƙara tunzura ni. Da Ƙasimu ya ji ya farfaɗo, sai ya dawo tare da Baffa Audi, wai Baturen ya tambayi inda itacensa yake, in bai mayar ba za a kore shi daga aiki. Ƙasimu har da ce mini ai itace ne kawai. Baffa ya ce in dubi zumunci, yaron yana da iyali. Na durƙusa na ba Baffa haƙuri, na ce masa ko shekara zai yi yana roƙo ba zan bayar ba. Na ce wa Ƙasimu, tun da itace ne kawai, fadama cike take da itatuwa, ya je ya tono wanda ya ga dama. Baffa ya tashi ya fita, har yau ba ya amsa gaisuwata. Ƙasimu kuwa yana nan a bakin aikinsa. Na ji ɗan lemun tsami ya kai, Baturen ma bai gane bambanci ba.

Yaya, in ƙarya Ƙasimu ya yi maka, ka rubuto wa Baffa da hannunka ka faɗa masa. In kuwa da gaske kai ka aiko, to, ni za ka rubuto wa, kuma ba goro nake so ka haɗo da shi ba.

Ka gaishe mini da Saudatu da yara, Lawali da Uwani, da Malam Hayatu mai masaukinku. Ladan da Hasana suna gaishe ka. Allah ya dawo da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Zulaihatu