Lambobi Ashirin a Jere, Babu Tazara

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke ba wa wakilai na'urar POS a kasuwar Ogbete, Enugu.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Sabi'u, mutumin Funtua ne ni, amma shekarata talatin da ɗaya ina auna wake da gyaɗa a Ogbete. Gidan da nake haya yana Abakpa Nike. Ban san sunanka ba, ban kuma san ko ka taɓa taka ƙasar Enugu ba, shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya miƙa maka. Da gangan na ƙi ambatar sunan kamfaninku. Ba tozarta ku na zo yi ba, domin idan za a raba laifin abin da ya faru, kaso mafi tsoka nawa ne. Amma akwai naku ɗan kason, kuma gyaransa ba zai ci muku komai ba.

Na ɗaya: abin da nake kuka a kai.

Idan mutum ya sayi katin wuta a wurin wakilinku, na'urar takan fitar da ɗan rasit mai lambobi ashirin, waɗanda zai je ya danna a mitar gidansa kafin wuta ta dawo. Lambobin nan ashirin a manne suke fitowa, babu tazara, babu alama, kuma ƙanana ƙwarai, kamar tururuwa sun bi layi. Idan ka ɗaga ido ka danna uku a mita, kafin ka dawo kan takardar ka manta inda ka tsaya. Matashi mai lafiyar ido ma sai ya sa yatsa, balle ni da tabarau ya zama min tilas tun shekara goma da suka wuce. Haka kuɗi ma yake fitowa a gilashin na'urar: dubu ɗari da hamsin da miliyan ɗaya da rabi, sifili ɗaya ne tsakaninsu, babu waƙafin da zai taimaki ido. Amma wannan mun saba ƙirga shi da baki. Katin wutar ne ya jawo abin da zan faɗa maka.

Na biyu: yadda muke lallaɓawa.

Kowa da dabararsa. Wani ya rufe lambobin da gefen katin zaɓe yana jansa a hankali, wani ya riƙa datsa takardar da farce. Mu kuma 'yan layin hatsi Allah ya haɗa mu da Rahila. Rahila wakiliyarku ce, 'yar Zonkwa, tana zama ƙarƙashin lema a bakin layinmu, mijinta maigadi ne a wani asibiti, 'ya'yansu uku. Shekara huɗu tana wurin. Duk wanda ya sayi katin wuta a hannunta, kafin ta miƙa masa rasit sai ta ɗauki biro ta ja gajeren layi bayan kowace lamba huɗu, ya zama gida biyar. Ba ku kuka koya mata ba, ba kuma wanda ya taɓa ƙara mata ko naira a kan haka. Ta dai lura yawancinmu dattawa ne, kuma da yawa a waya muke karanta wa matanmu lambar su danna a gida, tunda ba mai barin rumfa da rana saboda mita. Mun saba da abin har muka daina ganinsa a matsayin alheri. Ni kaina na ɗauka haka rasit yake zuwa.

Na uku: abin da ya faru.

Wata Alhamis, bayan azahar, maiɗakina Binta ta kira ni ta ce wuta ta ƙare a mita. Binta tana sayar da zoɓo da kunun aya, kuma ranar firizarta cike take da kunun aya na dubu arba'in da biyu, na wani suna da za a yi washegari. Duk wanda ya san kunun aya ya san ba ya haƙuri da zafi. Na ruga wurin Rahila na sayi wutar dubu goma. Akwai layi, tana sallamar wani da hannu ɗaya, rasit ɗina yana fitowa na fizge shi daga bakin na'urar na yi gaba. Na ji ta tana cewa, "Baba, tsaya in ja maka layi," na ɗaga mata hannu ban waiwaya ba.

Na karanta wa Binta a waya, mita ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na ce mata ita ce ba ta iya dannawa ba, na bar rumfa a hannun maƙwabcina na hau keke napep zuwa Abakpa. Na danna da kaina har sau huɗu, ina tsaye a kan kujera, gumi yana zuba cikin tabarau. Mita ta ƙi. A tsakiyar lambar akwai sifili biyar a jere. Yanzu ne na san biyar ne. A ranar wani lokaci huɗu nake dannawa, wani lokaci shida, kuma kowane karo zan iya rantsuwa daidai na yi. Kafin in yi tunanin sayen wani katin, masu POS na unguwa sun ce sabis ya ɗauke. Da safe Binta ta zubar da kunun a kwata, ta mayar wa masu suna kuɗinsu, tana kuka.

A hanyata ta zuwa kasuwa wani mai keke ya ji ina ƙorafi, ya ce min, "Alhaji, na so dem dey do, dem go sell you card wey don die." Wato wai haka masu POS suke yi, su sayar maka da katin da aka riga aka cinye. Ban tambaye shi a ina ya sani ba. Abin da nake son ji ke nan, na kuwa ji.

Ranka ya daɗe, ni mutum ne mai saurin fushi, duk layin hatsi sun shaida. Na isa gaban lemar Rahila idona a rufe, na yi mata tatas a gaban jama'a. Na kira ta ɓarauniya da Hausa, na maimaita da Turancin kasuwa don waɗanda ba su ji ba su ji. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, don Allah kawo takardar mu duba tare." Na ce ba za ta sake taɓa ta ba, shaida ce. Na ninke rasit ɗin na cusa a naɗin hulata, inda nake ajiye duk takardar da nake ji da ita, na je wani wuri na sayi sabon kati.

Maganar dattijon da ya shekara talatin a layi tana da nauyi, ni kuwa na yi amfani da nauyin a inda bai kamata ba. Kafin sati ya zagayo, masu wake da masu shinkafa da masu kayan miya sun koma wurin wani wakili a can ƙofar kasuwa. Ina hango ta daga rumfata tana zaune ita kaɗai tana korar ƙuda daga kan teburi, raina kuma yana gaya min ta gamu da daidai ita.

Na huɗu: yadda gaskiya ta fito.

Bayan kusan sati uku Binta za ta ba da hulunana wanki, rasit ɗin ya faɗo. Zufa ta fara cin rubutun, amma ana iya gani. Mai gidan da muke haya, Mama Nkechi, tsohuwar malamar firamare ce, tana tsakar gida tana tsince agushi. Ta karɓa ta nisantar da shi daga idonta, ta ce a ba ta fensir. Ta ƙirga huɗu ta ja layi, ta ƙirga huɗu ta ja layi. Ta ce wa Binta ta hau kujera. Ita tana karantawa gida-gida, Binta tana dannawa. Mita ta yi ƙara sau ɗaya ta karɓa, wutar dubu goma ta shiga cif.

Mama Nkechi ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Alhaji, this paper no thief you o." Wato takardar nan ba ta cuce ni ba. Binta ta sauko daga kujera ta shige ɗaki. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tsufa ina yi wa yaran kasuwa faɗa a kan tauye mudu, ga shi na tauye wa baiwar Allah mutuncinta gaba ɗaya a kan sifili guda.

Washegari na yi sammako don in ba ta haƙuri. Babu lema, babu teburi. Aka ce min cinikinta ya yi ƙasa da abin da kamfani yake bukata daga wakili, an karɓi na'urar, ita kuma ta tafi wurin yayarta a Onitsha. Na tsaya a daidai inda na zage ta na faɗa da ƙarfi cewa ƙarya na yi mata, ni ne ban iya karanta lamba ba. Waɗanda suka ji sun ji. Amma ranar zagin, kasuwa a cike take, ranar gyaran kuwa kowa yana buɗe rumfarsa ne.

Na biyar: naku kason.

Ba ku kuka sa min zagi a baki ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Na kuma san waɗanda suka tsara na'urar nan yara ne masu ilimi, suna aiki a gaban babban allo, idonsu garau, wataƙila ba wanda ya taɓa hawa kujera da rasit a hannu yana neman inda ya tsaya. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Amma abin da wata mata mai biro ta gane a ƙarƙashin lema, ta kuma yi shekara huɗu tana gyara muku kyauta, bai kamata ya gagari kamfani ba.

Na shida: roƙona.

Ina roƙo ku sa na'urar ta riƙa fitar da lambar katin wuta huɗu-huɗu, da tazara a tsakani, a rasit da kuma a gilashi. Ku ɗan ƙara girman rubutun, ko da za ku rage tallan da kuke cika ƙasan takardar da shi. Ku sa waƙafi a kuɗi bayan kowace lamba uku. Kafin ku ce an gama, ku ba wa tsoho mai tabarau ya gwada a tsaye, a cikin rana, ba a ofis ba. Sannan idan cinikin wakili ya faɗi farat ɗaya bayan shekaru yana tafiya lafiya, ku aiko mutum ya tambayi dalili kafin a karɓi na'ura. Da an tambaya a layinmu, da an ji sunana.

Roƙo na ƙarshe shi ne na Rahila. Ku duba takardunku, za ku ga wakiliyar da ta bar layin hatsi na Ogbete ba tare da ko ƙorafi ɗaya a kanta ba sai nawa, wanda na janye a nan a gaban duniya. Ku mayar mata da na'urarta a duk garin da ta zaɓa, ni zan tsaya mata.

Na ce a garin da ta zaɓa, domin na je na same ta. Ranar Lahadin da ta wuce na shiga mota zuwa Onitsha. Tana Upper Iweka, tana taya yayarta sayar da shinkafa da miya ga direbobin manyan motocin Arewa. Da ta gan ni ta goge hannu ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi Binta, ta jawo min benci. Na faɗa mata komai, na roƙe ta gafara, na ce ta dawo, zan bi rumfa-rumfa da ƙafata in dawo mata da mutanenta. Sai ta ce, "Baba, na yafe maka tun ranar, na san hasara ce ta sa ka. Amma duk mutanen da suka tsaya suna kallo, babu wanda ban san lambar mitarsa ba, kuma ko ɗaya bai ce a tsaya a duba takardar ba. Ba zan iya komawa in riƙa yi musu ina kwana ba."

Ta zuba min abinci, ta ƙi karɓar kuɗi. Na kasa ci.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya ba ka lafiya da zuciyar sauraro, ya tsare ka daga zaluntar wanda ya kyautata maka. Ni na riga na yi, kuma ba na so wani tsoho ya bi bayana.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u mai wake,
Layin hatsi, kasuwar Ogbete, Enugu.