Idan Na Riƙe Numfashi

Litinin, 3 ga Maris
Kofin Baba ya suɓuce mini, na riƙe numfashi don firgita, sai kofin ya tsaya cak a iska. Fanka ta tsaya. Ƙudan da ke zagaya labule ma haka. Na miƙa hannu na ɗauke kofin, na saki numfashi, komai ya ci gaba. Ban gaya wa kowa ba. Ko mamakin kirki ban yi ba, gajiya ta hana.

Laraba, 5 ga Maris
Na sake gwadawa a shagon ɗinkinmu. Kekuna suka yi tsit, uwar ɗakinmu baki buɗe tana tsakiyar faɗa. Iyakar abin dai iyakar numfashina. Na tambayi abokiyar aikina me za ta yi da a ce za ta iya tsayar da lokaci. Ta ce, "Barci, wallahi. Ke fa, malama?" Na ce taimakon mutane. Ta yi dariya har allura ta soke ta.

Asabar, 8 ga Maris
Na janye wata tsohuwa daga gaban mai babur. Ta yi ta gode wa Allah, ko kallona ba ta yi ba. Daidai ne. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, mai jinyar da Yaya ya ɗauko ke zuwa da safe, ta tafi idan na dawo daga aiki. Daga nan komai nawa ne: wanka, juyi, fo, magani. Yaya kuwa gwani ne a waya. Yau ina goge wa Baba baki ya kira ni da sunan Auta, wadda rabonta da gidan nan tun bara. Sannan ya tofar da maganin a rigata.

Talata, 11 ga Maris
Ya sake tofarwa. Na riƙe numfashi. Na mintsine shi a damtsen da bai shanye ba, da ƙarfi, har farcena ya shiga. Fuskarsa ba ta motsa ba, kamar matashin kai na mintsina. Da na saki numfashi ya yi ƙara, yana waige-waige. Na ce, "Sannu Baba, ko cinnaka ne?" Har shimfiɗa na kakkaɓe masa.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau ma.

Asabar, 15 ga Maris
Yaya ya zo. Ya ɗaga hannun rigar Baba, ga shatin farce jere. Ya tambaye shi, Baba ya ce da harshensa mai nauyi bai ga kowa ba. Gaskiya ya faɗa. Yaya ya juyo ya ce, "Ke dai na san ba za ki yi ba. Matar nan ce." Na ce a dai bincika tukuna. Iyakar abin da na ce ke nan.

Litinin, 17 ga Maris
Mai jinya ta haɗa kayanta a leda. Ta rantse, ta yi kuka, ta ce da aikin nan take ciyar da jikokinta. Yaya ko wurin zama bai ba ta ba. Na so in yi magana, ina jin na so. A bakin ƙofa ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ki riƙa juya shi ta hagu, bayansa ya fara salewa. Allah ya ba ki ladan wahalarki." Na ce amin.

Ya kamata in ji kunya. Na duba, ban samu ba.

Laraba, 19 ga Maris
Ina ba Baba magani na ja dogon numfashi. Ajiyar zuciya ce kawai, wallahi. Sai ya runtse ido, ya janye hannunsa mai lafiya ya cusa ƙarƙashin bargo, ya buɗe baki da kansa. Ya haɗiye duka, bai tofar da ko ɗigo ba.

Ashe ya gane.

Aikin ya yi sauƙi yau. Yaya ya kira ya tambayi jikin Baba, na ce ya fara jin magana.