Na Rantse Barira Ba Za Ta Je Asibiti Ba

Malam mai ba da shawara, don Allah ka taimake ni. Ni mahauci ne a Borokiri ta Fatakwal, ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Shekara shida ke nan abin yana cina. Tun ba a sauke tutar Turawa ba na kai matata Tabawa asibiti, tana dafe da mara. Nas ɗin ko zama ba ta yi ba. Tana tsaye, ido na kan agogo, ta jefo tambaya, tafinta ya juya mana da Hausa, ni na amsa, don Tabawa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na ce zazzaɓi ne da ciwon ciki. Ban rufe baki ba ta miƙo ƙwayoyi, ta kira na baya. Kwana tara Tabawa ta cika. Sai wajen wanka mata suka ce ashe ta daɗe tana zubar da jini. Ni saniya ma sai na zagaya ta kafin in saya! Ajali na Allah ne, na sani, kada a yi mini wa'azi.

Yanzu 'yata Barira ce kwance a gidana, wata biyu. Mijinta Lawal sai magiya yake, ni kuwa na rantse ba za ta taka ƙofar asibitin nan ba. Sau huɗu ina komawa neman nas ɗin, mai gadi na korata. Wani ya fito ya amsa mini: me ya hana matar nan zama ta ji mu?

Tsohon Mahauci, Borokiri

AMSA

Baba, Allah ya jiƙan Tabawa. Kana da gaskiya. Mai jinya da kunne take fara aiki: ta zauna, ta dubi marar lafiyar ita kanta, ta bari ta kai aya, ta maimaita abin da ta ji don ta tabbatar. Da ta ga mace ta rufe fuska, sallamar maza ya kamata ta yi, ta sake tambaya a hankali.

Sai dai ka yi haƙuri da wannan: kai ka amsa, alhali ba ka san da jinin ba. Tabawa ba za ta iya faɗa a gabanka da tafinta namiji ba. Ba laifi nake ɗora maka ba, haka muka taso.

Rantsuwa tana da kaffara, ka ciyar da miskinai goma. Gobe a kai Barira, tare da wata dattijuwa da ke jin yaren ma'aikatan asibitin, ta roƙi nas ta zauna. Kai da Lawal ku tsaya waje, Barira ta faɗi ciwonta da bakinta.

Allah ya tashi kafaɗarta, ya sanyaya zuciyarka.