Dokar Usur da Ta Hana Tifawt Hawa Dutse

Daga: Zhor Aït Bihi, Tahanaout.
Zuwa: Mai girma Shugaban Kwamitin Filin Zamiyar Ƙanƙara na Tizi n Ouzru.
20 ga Janairu, 2025.

Game da: Hana 'yata, Tifawt, shiga ajin koyon zamiya na yara a makon hutun iyalai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana a kan abin da ofishin rajistarku ya yi wa 'yata mai shekara tara, wadda Allah ya halitta ba ta ji. Hutun makaranta zai fara ranar 26 ga wannan wata, shi ya sa nake roƙon a duba da gaggawa.

1. Tun da dusar ƙanƙarar bana ta sauka muka shirya wannan hutu, ni da maigidana Lahcen da yaranmu biyu. Mun kama ɗaki, mun ari takalman zamiya, kakarsu ta saƙa safar ulu. Yallaɓai ya fi ni sanin yadda ƙanƙara ta yi mana rowa a shekarun nan. Wadda ke kan dutse yanzu, ba wanda zai rantse za ta kai ƙarshen Fabrairu.

2. Ranar 17 ga Janairu muka je rajista. An rubuta sunan wanta, Yuba, ba ko tambaya. Da aka zo kan Tifawt, mai rajistarku, Si Abdelkebir, ya ajiye biro. Ya ce doka ta tanadi duk yaron da zai shiga aji sai ya ji usur ɗin malami, domin da shi ake tsayar da yara idan akwai haɗari. Ban raina doka ba. Ni na haife ta, ba wanda ya fi ni tsoron bakin kwazazzabo.

3. Na tuna masa abin da ya faru ranar da kuka yi wa yara gwaji kafin rajista, 28 ga Disamba, a ƙaramin gangare. Iska ta taso, malaminku Si Hmad ya busa usur har jijiyar wuyansa ta fito. Yaran nan kunnuwansu na cikin hula, suka yi ta gangarawa abinsu, har da Yubana mai kunne biyu lafiyayyu. Tifawt kaɗai ta tsaya cak, don ita ba ta ɗauke ido daga malami, ta ga ya ɗaga hannu. Si Hmad na nan da ransa, a tambaye shi. Shi da bakinsa ya ce zai ɗaura jan ƙyalle a sandarsa ya riƙa ɗagawa tare da busa usur. Amsar mai rajista ita ce, wai takarda ba ta ambaci ƙyalle ba. To, ranka ya daɗe, takarda ta ambaci iska?

4. Wannan shi ne ya fi ci mini rai, ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi. 'Yata tana karanta magana a leɓe. Da Si Abdelkebir ya lura idonta na kan bakinsa, sai ya kare baki da tafin hannu, ya ce da ni, "Lalla," wato uwargida, "irin waɗannan a bar su gindin dutse su sha shayi, su hau alfadari a ɗauke su hoto." Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Lahcen ne ya riƙe mini hannun riga, ya ce in rufa mana asiri, akwai mutane.

5. A mota ta taɓa kafaɗata, ta tambaye ni da hannu me ya sa mutumin ya rufe baki. Na ce mata mura yake yi. Har yau ba ta san an hana ta ba. Takalman na nan a bakin ƙofa, kullum sai ta saka su ta zagaya tsakar gida tana ƙwas-ƙwas, Yuba kuwa ya daina haɗa ido da ita wajen cin abinci.

Saboda haka ina roƙon Kwamiti, cikin ladabi, ya amince da jan ƙyallen Si Hmad, a rubuta sunan Tifawt kafin ranar 26. Idan ana so a sake gwada ta a gaban kowa, a gangaren da kuka zaɓa, mun yarda.

Idan kuma Kwamiti ya tsaya a kan bakansa, alfarma ɗaya nake nema. Ni ba zan iya faɗa mata ba. Zan kawo ta ofishinka da safarta ta ulu, Yallaɓai ya dube ta ya faɗa mata da kansa, a hankali, hannunsa a kan tebur. Za ta gane kowace kalma.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ka,
Zhor Aït Bihi,
mahaifiyar Tifawt.