Rigar da ta daina wari

Daren Alhamis, Dorayi

Tun ina sabo a majemar Challawa nake jin wai wanda ya bar aikin sai ya yi kewar warin fata. Ban yarda ba.

Wata guda ke nan da na ajiye aiki lafiya lau. Yau zan tuɓe riga a zaure yadda na saba, uwargida ta ce, "Malam, shigo da abarka, ai ta daina wari." Na shinshina, sai sabulu.

Na rasa sunan abin da na ji. Murna ba ta isa ba, baƙin ciki kuma butulci ne. Alhamdu lillahi ce kawai ta ɗauke duka.

Malam Sale, wanda na gada a inji, shi ne na ƙarshe da ya gaya min zancen kewar nan, bara, bayan ya bar aikin, yana riƙe da hannun rigata yana shinshinawa, ya ƙi saki.