Sukarin da Ka Bari a Ƙofarmu

Ya Tayyib, furen lemon tsakar gidan zuciyata, ruwan sanyi mai gangarowa daga dutse a tsakiyar bazara, shamuwata mai tsayuwa da ƙafa ɗaya bisa ganuwa tana nazarin abin da ba wanda ya tambaye ta!

"Wallahi 'yata, yanzun nan ya fita, wai ya tafi auna ƙofar ganuwa ta Bab Gisa." Abin da mahaifiyarka, Lalla Zuhur, ke gaya mini ke nan karo na uku, tana ƙara mini shayi. Na ce, "Lalla, ƙofar ta ƙara tsawo ne tun makon jiya?" Ta ce, "Ke dai sha shayinki. Ubansa ma shekara uku ya yi yana auna lungunmu." Sai na roƙi takarda da biro, ga ni ina rubutu a gefen faranti. Ka karanta da kyau, don ranar Juma'a zan mayar da takardar aikin koyarwa, kuma layi biyu ne a cikinta: in zauna nan Fas, ko in tafi can garin Wujda. Ɗaya za a zaɓa, ba a gogewa.

Shekara biyu, hasken idona, kana yawo da ni a Fas kamar baƙuwa, ni da aka yanke wa cibi a bayan masallacin Ƙarawiyyin. Ka kai ni gaban fada, ka nuna mini ƙofofin tagulla bakwai, ka ce da lemon tsami ake goge su. Ran nan da sabuwar riga na zo, mai launin ɗanyen zaitun. Ka yabi tagulla. A ƙofar Bab Bu Julud ka tsayar da ni ta waje ka ce in dubi shuɗin adonta, ka ja ni ciki ka ce in dubi kore, sannan ka sassauta murya ka ce, "Gizlan, akwai abin da na daɗe ina son in gaya miki." Zuciyata ta tashi kamar garken tsattsewa da magariba! Ashe shekarar da aka gina ta ce mutane ke kuskurewa. Na gode. Har gobe ban manta shekarar ba.

To me na gani a wurinka? Wa ke tambayar ƙudan zuma abin da ya gani a ƙaya mai fure? Amma na san ranar. Ruwa ya tsuge mana a ƙofar Bab Maharuƙ, ba mu da lema, ka ɗaga jakar zane-zanenka bisa kaina, aikin wata uku, tawada tana bin hannunka har gwiwar hannu, kai kuwa kana ta ba ni haƙuri kamar kai ka yi hadarin. Tun ran nan na zama ƙasar da ta sha ruwan fari: kome za a yi mata, sai ta tsira.

Kai ka koya mini maganar zobba biyu na ƙarfe da ake ƙwanƙwasa tsofaffin ƙofofin gidaje da su, kamar ba da su na girma ba. Na sama na baƙo ne, amonsa mai nauyi, a kintsa kafin a buɗe. Na ƙasa na 'yan gida ne, a ja igiya daga bene kawai. Ka yi shafi goma sha ɗaya a kansu, na karanta duka, kuma wannan ma so ne.

Sai ga ka ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, da farar jallabiya, rungume da curin sukari cikin shuɗiyar takarda kamar mai ɗauke da jariri. Ka tsaya, ka gyara wuya, ka miƙa hannu. Ka buga na ƙasa.

Malamin ƙofofi! Babana ya ɗauka yayana Anas ne, wanda ya kai shekara talatin bai taɓa fita da makulli ba. Ya ja igiya, ya kwarara murya: "Shigo, jakin Allah! Wata rana kanka za ka manta a kasuwa!" Ƙofa ta buɗe, ba kowa. Sukari ne kaɗai a dokin ƙofa, yana tsaye da mutuncinsa, ya fi mai shi ƙarfin hali.

Ka dai san sukari a garin nan aiki biyu yake yi: neman aure da ta'aziyya. Kakata Lalla Rabha ta dube shi ta ce, "Wa ya mutu aka ɓoye mini?" Ta zaunar da ni ina buga mata waya, gida goma sha huɗu, daga Sifru har Meknas. Ta gaisa da ƙanwarta da suka yi shekara shida ba sa magana, ta ce, "Au, kina nan ashe? To ba ke ba ce." Yanzu sun shirya. Ladan naka ne.

Ni kuwa ina bayan tagar katako tun shigowarka lungu, na ga komai. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya na ga dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba. Kwana biyar ke nan, masoyina, ko ƙyallinka! Wace irin rana ce ke leƙowa ta koma bayan dutse don an yi mata tsawa? Wane kogi ne ke isa bakin gona ya juya?

Na yi nazarin kuskuren nan kamar yadda aka koya mini a jami'a, na samu fassara biyu. Ko dai tsoro ne ya rikita ka, ko kuma hannunka ya riga bakinka faɗin gaskiya, ya ɗauke ka ɗan gida tun ba a ba ka ba. Na zaɓi ta biyu. Kada ka gyara mini.

Ga roƙona. Alhamis, bayan la'asar, ka zo ka buga na sama. Sau ɗaya tak a rayuwarka nake son ka zama baƙo a gidanmu. Baba ya san komai, kunya ta hana shi cin abinci sosai, ya ce zai sauko ya buɗe da hannunsa. Ka zo da wani sukarin, Kaka ta fasa wancan. In na ji amon nan mai nauyi, zan rubuta Fas. In ban ji ba, zan rubuta Wujda da kyakkyawan rubutu, in hau jirgin ƙasa, in ci gaba da sonka daga can, wanda ba zai amfane ka da komai ba, ni ma haka.

Taka, muddin ruwa na gudu a ƙarƙashin garin nan, muddin ɓaure na tsaga ganuwa ya fito, ko ka zo ko ka ƙi, amma gara ka zo,

Gizlan

Af, na kusa mantawa. Takalmanka na fita suna gindin matakala, kuma Bab Gisa ta yi atishawa sau biyu a bene tun zamana. Allah ya ba ta lafiya. Na sumbaci kan Lalla, na bar mata takardar. Zan ja ƙofa da ƙarfi don ka ji na tafi.